Kaka, Harshe da Takardar Rajista: Fashin Baƙi Kan Sabbin Littattafan Yara na 'Yan Asalin Amurka da Kanada

Duk wanda ya jera littattafan yara da 'yan asalin Amurka da Kanada suka rubuta daga wajen 2015 zuwa yau, zai lura da wani abu tun bai yi nisa ba: kusan ko'ina akwai kaka. Wata tana shuka furanni da jikarta, wata tana koya mata tsinkar 'ya'yan itatuwa a gaɓar teku, wata kuma tana kwaɓa fulawa yara sun kewaye ta. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan kakar ita ce yarinyar da hukuma ta raba da iyayenta shekaru sittin ko saba'in da suka wuce, kuma yawancin waɗannan littattafai ƙoƙari ne na ɗinke abin da aka yaga a wancan lokacin.

'Yan asalin nan su ne mutanen da masu kallon finafinan kaboyi suka sani da "Jajayen Indiyawa", sunan da su kansu ba sa so. Ba kuma al'umma ɗaya ba ce. A Amurka gwamnatin tarayya ta amince da ƙabilu fiye da 570, kowace da shugabancinta. A Kanada akwai al'ummomin farko fiye da 600, ga Inuit na yankin ƙanƙara, ga Métis, jikokin auratayyar 'yan asali da Turawa, kuma ana magana da harsunan asali fiye da 70. Tsakanin mutumin Navajo na hamadar Arizona da mutumin Cree na dazuzzukan Manitoba akwai tazarar harshe da al'ada da ta kai ta Bahaushe da Bazulu.

Abin da ya faru da iyali

A 1879 wani hafsan soja, Richard Henry Pratt, ya buɗe makarantar kwana ta Carlisle a jihar Pennsylvania. Manufarsa, kamar yadda ya faɗa da bakinsa, ita ce a kashe Ba'indiyen da ke cikin yaro a ceci mutumin. Binciken da Ma'aikatar Cikin Gida ta Amurka ta fitar a 2022 ya ƙirga irin waɗannan makarantu fiye da 400. A Kanada gwamnati ce ke ba da kuɗi, coci-coci ke gudanarwa, kuma daga 1920 doka ta tilasta wa yara 'yan shekara 7 zuwa 15 zuwa makaranta. Kimanin yara 150,000 ne suka bi ta cikinsu, ba a rufe na ƙarshe ba sai a shekarun 1990. Ranar da yaro ya isa za a aske masa gashi, a karɓe tufafinsa, a sauya masa suna ko a ba shi lamba, a raba shi da 'yar'uwarsa, a dake shi in ya yi yarensu. Dubbai ba su koma gida ba. Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta Kanada, wadda ta kammala aikinta a 2015 da shawarwari 94, ta kira abin kisan kiyashin al'ada.

Bayan makarantun sai aka koma ɗauke yara ta hanyar ma'aikatan jin daɗin jama'a, ana bayar da su riƙo ga iyalan Turawa. A Amurka, kafin dokar kare yaran 'yan asali ta 1978, bincike ya nuna an raba tsakanin kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na yaran da gidajensu. Kotun Ƙoli ta sake tabbatar da dokar a 2023.

Sakamakon shi ne zuriya guda da ta girma ba ta ga yadda uwa ke renon ɗa ba, ta kuma ƙi koya wa 'ya'yanta yaren da aka dake ta a kansa. Saboda haka a gida guda za ka sami kaka mai jin yare tana ɓoye shi, uwa wadda ba ta ji, da jika mai son koyo. Wannan tsari na mutum uku shi ne ƙashin bayan labarai da yawa.

Mu duba guda ɗaya da kyau. "When We Were Alone" na David A. Robertson, ɗan Cree, wanda Julie Flett ta yi wa zane, ya fito a 2016 ya kuma ci kyautar Gwamna Janar ta Kanada a 2017. Yarinya ce ke taya kakarta aiki a lambu, tana yi mata tambayoyi huɗu: me ya sa take son tufafi masu launi, me ya sa gashinta ke da tsawo, me ya sa take yaren Cree, me ya sa ba ta rabuwa da ɗan'uwanta. Kowace amsa hawa uku ce. Kaka ta faɗi yadda suke a gida, ta faɗi abin da makaranta ta yi musu, sannan ta faɗi abin da suke yi a ɓoye in babu mai kallo: su yi birgima cikin ganyaye masu launi da suka zubo a lokacin kaka, su kitsa ciyawa a guntun gashinsu don ya yi tsawo, su raɗa wa juna kalmomin yarensu, su riƙe hannun juna. Shafukan yau launi ne tar, shafukan makaranta kuwa duk sun dusashe. Babu duka, babu gawa, babu abin da zai hana ɗan shekara shida barci, amma babu ƙarya. Gwanintar tana a hawa na uku. Da littafin ya tsaya a zalunci, da yaron da kakarsa ta yi wannan rayuwa ya rufe shi da sunkuyar da kai. Da ya ƙare kowace amsa da dabarar yaran, sai mai karatu ya ga kakarsa jaruma ce.

Labarin Phyllis Webstad ya bi wata hanya. Tana da shekara shida a 1973 kakarta ta saya mata sabuwar riga ruwan lemo don ranar farko a makarantar St. Joseph's Mission, aka tuɓe mata ita, ba ta sake ganinta ba. Daga wannan labari aka sami ranar rigar ruwan lemo ta 30 ga Satumba, wadda Kanada ta mayar ranar hutu ta tarayya a 2021, watanni kaɗan bayan na'urar leƙen ƙarƙashin ƙasa ta nuna wurare kimanin 200 da ake zaton kaburbura ne a tsohuwar makarantar Kamloops. Riga guda ta isa yaro ya fahimci abin da adadin 150,000 ba zai fahimtar da shi ba.

Wane ne ɗan gida?

A wajenmu in an tambayi asalin mutum, sai a ce ɗan wane ne, jikan wane. A can tambayar tana da fom da lamba, kuma littattafan matasa sun fi zurfi a nan.

Kowace ƙabila a Amurka ita ke tsara sharuɗɗan zama ɗanta. Wasu suna amfani da lissafin jini, tsarin da gwamnatin Turawa ta shigo da shi. Navajo na neman aƙalla rubu'i. Cherokee Nation ba ta lissafin jini, sai dai mutum ya nuna kakansa na cikin rajistar Dawes da aka yi a farkon ƙarni na 20. Lissafin jinin yana cin mutane ta hanya mai sauƙi: in uba mai rubu'i ya auri wadda ba 'yar ƙabilar ba, ɗansu na da kashi ɗaya cikin takwas, ya faɗi ke nan, ko da a gidan kakarsa aka haife shi kuma yana jin yaren. Ko iyaye biyu duka 'yan asali ne, in ƙabilunsu daban, a wurare da dama jinin ƙabila ɗaya kawai ake ƙirgawa. A Kanada kuma, ƙarƙashin dokar Indiyawa ta 1876, mace ta kan rasa matsayinta in ta auri wanda ba shi da rajista, ita da 'ya'yanta, alhali namiji in ya auri Baturiya ita ce ke samun matsayin. Sai a 1985 aka soke wannan.

Wannan ne ya sa "Firekeeper's Daughter" na Angeline Boulley, 'yar Ojibwe ta Sault Ste. Marie a jihar Michigan, ya yi tasiri da ya fito a 2021. A sama labarin binciken masu safarar ƙwaya ne. A ƙasa kuwa labarin Daunis ne, 'yar shekara 18, uwarta daga gidan Turawa masu hali, ubanta ɗan Ojibwe, amma ba a sa sunansa a takardar haihuwarta ba, don haka ba ta cikin rajistar ƙabilar da ta tashi a cikinta. Ta san magungunan gargajiya, tana gaida dattawa da yarensu, tana yi musu hidima, amma ba ta da ƙuri'a. Littafin ya ci kyautar Printz ta littattafan matasa a 2022. Na Christine Day, "I Can Make This Promise" na 2019, ya zo ta ɗaya ɓangaren: yarinya ta tsinci akwati a ɗakin ajiya, da hotunan wata mata mai kama da ita mai kuma sunanta, daga nan ta gano yadda aka raba mahaifiyarta da danginta tana jaririya. Eric Gansworth kuwa ya ɗauki zagin da ake yi wa wanda ake ganin ya bar gida, wato "tuffa", ja a waje fari a ciki, ya sa shi sunan littafin tarihin rayuwarsa na 2020.

Abin da na fi yabawa a waɗannan marubuta shi ne ba sa wanke al'ummarsu tas. Boulley ta nuna ƙwaya, ta nuna cin zarafin mata, ta nuna siyasar rabon kuɗin gidan caca. Ɗan gida ne kaɗai ke iya faɗin wannan ba tare da ya zama gori ba.

Yadda alƙalami ya koma hannun masu shi

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma an daɗe ba a ba mai ita dama ba. Cibiyar nazarin littattafan yara ta Jami'ar Wisconsin a Madison tana ƙirga littattafan da ke fitowa duk shekara. A ƙidayar 2018, kimanin kashi 1 cikin ɗari ne ke da jarumai 'yan asali, alhali kashi 27 na dabbobi ne da motoci da makamantansu. Cikin ɗan abin da ake da shi ma, da yawa baƙi ne suka rubuta. Mafi munin misali shi ne "The Education of Little Tree" na 1976, wanda aka sayar a matsayin tarihin wani maraya ɗan Cherokee, daga baya ta bayyana marubucin, Asa Carter, tsohon ɗan ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan ne.

Canjin ya zo ta ƙofofi da dama. Akwai ƙananan kamfanonin ɗab'i mallakar 'yan asali: Theytus Books a Kanada tun 1980, da Inhabit Media na Inuit a Iqaluit tun 2006. A Ostireliya Magabala Books na irin wannan aiki tun 1987, a New Zealand kuma Huia tun 1991. Akwai masu suka, musamman Debbie Reese ta Nambé Pueblo, wadda tun 2006 take bin littattafai shafi-shafi tana nuna kurakurai. Irin wannan matsin lamba ne ya sa ƙungiyar ma'aikatan laburaren yara ta Amurka ta cire sunan Laura Ingalls Wilder daga kyautarta a 2018, saboda yadda littattafanta suka siffanta 'yan asali da baƙar fata. Sai kuma 2021, shekarar da HarperCollins ya fara fitar da littattafai ƙarƙashin Heartdrum, sashen da marubuciya Cynthia Leitich Smith 'yar Muscogee ke zaɓar wa littattafai. A shekarar ce Michaela Goade 'yar Tlingit ta zama 'yar asali ta farko da ta ci lambar Caldecott ta masu zanen littattafan yara, da zanenta na "We Are Water Protectors" na Carole Lindstrom, wanda ya samo tushe daga zanga-zangar Standing Rock ta 2016 kan bututun mai na Dakota Access.

Inda aiki ke lalacewa

Littafin hoto yawanci shafi 32 ne, saboda ana buga shi a manyan takardu da ake naɗewa takwas-takwas ko sha shida-sha shida. In an cire shafin suna da na haƙƙin mallaka, labari na samun buɗi 14 ko kusa da haka, kalmomin kuma ba safai suke kai dubu ba. Ke nan rabin labarin ko fiye yana hannun mai zane. A al'adar manyan kamfanoni edita ne ke zaɓar mai zane, kuma sau da yawa shi da marubuci ba sa haɗuwa. Nan ɓarna ke shiga. Marubuciya ta rubuta "muka koma gida", mai zane da bai san komai ba ya zana tantin fata mai tsini, alhali wannan na mutanen filayen tsakiya ne irin su Lakota. Navajo na da nasu ɗakin na gargajiya da ake kira hogan, Haudenosaunee na da dogon gida, kuma yaron da ake magana a kansa wataƙila a bene yake zaune a Minneapolis. Hular gashin mikiya ta zama tambarin kowa a zanen baƙi, alhali a wajen masu ita girmamawa ce da ake samu da aiki, ba ta yara ba ce. Dogayen gumakan itace da ake sassaƙawa na mutanen gaɓar arewa maso yamma ne, irin su Haida da Tlingit. Haɗa waɗannan a shafi ɗaya daidai yake da a zana Bakano da mashin Masai yana tsaye gaban dalar Masar. Maganin da aka samu shi ne a ɗauki mai zane ɗan asali, ko a ba marubuci ikon duba zanen tun yana fensir, kafin a sa launi, lokacin da gyara ba shi da tsada.

Matsala ta biyu ita ce lokaci. Wani bincike na 2015 kan manhajojin jihohin Amurka ya gano kusan kashi 87 cikin ɗari na abin da ake koyarwa game da 'yan asali ya tsaya kafin 1900. Yaro ya taso yana zaton sun ƙare. Shi ya sa sababbin littattafan ke nacewa a kan yau: waya a hannu, wasan hoki, motar makaranta. "Fry Bread" na Kevin Noble Maillard, ɗan Seminole, ya yi wannan da abinci. Wani irin fanke ne mai faɗi da ake soyawa a mai, wanda ake danganta asalinsa da 1864, lokacin da soja suka kora Navajo tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa Bosque Redondo, aka ba su fulawa da gishiri da sukari da kitse a maimakon abincinsu. Abincin wahala ne da ya zama abincin biki, kuma har yau ana gardama a kansa saboda ciwon sukari ya yi yawa a cikinsu. Littafin ya nuna iyali guda mai fatu kala-kala, wani baƙi, wata mai jan gashi, ya kuma cika shafukan bangon ciki da sunayen ɗaruruwan ƙabilu, har da waɗanda gwamnati ba ta amince da su ba.

Akwai kuma haɗarin a mayar da kowane littafi na kuka. Malamai kan nemi labarin makarantun kwana a watan Satumba, su manta da sauran shekara. Yaro ɗan Ojibwe yana da haƙƙin ya yi dariya a littafi, kuma jerin "Jo Jo Makoons" na Dawn Quigley, labarin wata 'yar shekara bakwai mai surutu da kyanwarta, wannan giɓin ya cike. Ga matasa kuma akwai labaran ƙirƙira. A "The Marrow Thieves" na Cherie Dimaline, 'yar Métis, na 2017, duniya ta lalace, mutane sun daina mafarki in ban da 'yan asali, sai aka sake buɗe makarantu don tatsar ɓargonsu. Tarihi ne aka juya shi ya fuskanci gaba, kuma waɗanda ke gudun ba dangin jini ba ne, iyali ne da suka haɗa a hanya.

Batun harshe ya fi kowanne wuya. Cree kaɗai na da karuruwa da ake bambantawa da sauti guda: kalmar "ni" a filaye niya ce, a daji nitha, a fadama nina. In edita ya ɗauko kalma daga ƙamus na wani kari ya sa a bakin kakar wani kari, masu yaren za su gane nan take. Kalmomin dangi ma ba sa tsayawa su kaɗai, dole da mai su: nôhkom "kakata" ce, kôhkom "kakarka", ko da yake bakin yara ya mayar da ta biyun sunan kaka kawai. Sannan ga rubutu. Cherokee na da baƙaƙensu 85 da Sequoyah ya kammala a 1821, waɗanda Traci Sorell ta sa a littafinta na godiya na 2018 tare da yadda ake furta su. Cree da Inuktitut na da nasu baƙaƙen na gaɓa-gaɓa. Duk wanda ya taɓa kai aikin Hausa maɗaba'a ya ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwatuna ya san abin da ke faruwa in salon harafin da aka zaɓa ba shi da su, shi ya sa ake ba mai jin yaren shafukan ƙarshe ya duba bayan an tsara su. Marubuta da yawa yanzu sun daina karkata kalmomin yarensu a rubutu, wasu ma ba sa fassarawa a cikin labari, sai dai a ƙarshen littafi, domin karkatarwar na nuna kalmar baƙuwa ce, alhali a bakin jarumar ita ce 'yar gida.

Ko a kantar laburare akwai magana. A tsarin Dewey na jera littattafai, labaran Baibul na zama a lamba 200, sashen addini, amma labarin halittar duniya na Navajo ko Cherokee sai a kai shi 398.2, wajen tatsuniyoyi. Abin da wasu ke bauta da shi ke nan aka ajiye kusa da labarin aljanu.

Abin da ba a bugawa

A 1990 Rudine Sims Bishop ta kwatanta littattafan yara da madubi da taga: yaro ya ga kansa, ya kuma leƙa rayuwar wasu. Debbie Reese ta ƙara da labule. Dalilinta shi ne an daɗe ana leƙen 'yan asali ta taga, masu bincike suna rubuta ibadunsu suna ɗaukar hoto, kuma abin da aka gani aka yi amfani da shi wajen haramta ibadun. Don haka akwai abin da marubuci na gari ke sakar wa labule. Boulley ta kai jarumarta har bakin wuraren ibada, amma ba ta zayyana abin da ake yi a ciki ba, kuma da gangan ta yi. Editan da bai fahimci wannan ba zai ce a ƙara bayani don mai karatu, nan ne ake buƙatar edita ɗan gida da zai ce a'a.

Wasu labaran ma lokaci gare su. Yadda a ƙasar Hausa ba a tatsuniya da rana, haka Ojibwe ba sa ba da wasu labaransu sai ƙanƙara ta rufe ƙasa, Navajo ma labaran Coyote, wata dabba mai kama da dila, na hunturu ne. Baki na iya kiyaye wannan doka, takarda ba ta iyawa, domin littafin da ke kan kanta ana iya buɗe shi a watan Yuli. Wasu marubutan kan bar irin waɗannan labarai gaba ɗaya su ƙirƙiri nasu, wasu kan nemi izinin dattawa su kuma roƙi a karanta da hunturu kawai, wasu malaman makaranta kuma kan sauke littafin daga kanta in bazara ta shigo, su mayar da shi bayan ƙanƙarar farko ta sauka.